Akuyar Mero

Mero ta garin Bahindi ba ta yarda da sanyi ba. A ganinta ƙarya ce malalata suka ƙirƙiro don su zauna gindin murhu. Ita da ta tsufa tana bugun shinkafa a fadama tun asuba, yau ga jikokinta sun kewaye wutar kara, majina har leɓe, ubansu Namadi kuma na ƙudundune cikin bargo yana sauraron rediyo.

Da zagi ya kasa tashinsu, sai ta je kasuwar Lolo da ke bakin iyaka ta sayo akuya. 'Yar Benin ce, ba ta jin Hausa, ba ta ganin girman katanga. Yara suka sa mata suna 'Yar Sumoga. Kullum da sassafe sai a ji muryar Mero: "Akuyata ta tsere, ku tashi kahin ta koma garinsu!" Nan take gida ya watse. A bi ta lungu, a bi ta gonar albasar maƙwabci, Namadi a baya da takalmi ɗaya yana ba mutane haƙuri. Kafin a kamo ta kowa ya jiƙe da gumi. Mero na biye da sanda tana zagin mai sayar da igiya, ko da yake igiyar ba ta taɓa tsinkewa ba.

Sanyin bana zazzaɓi ya kayar da ita. Zazzaɓin ya tafi, ita ta ƙi tashi. Ma'aikacin asibiti ya ce in ba ta taka ƙafafun nan ba, za su sandare. Namadi ya yi lallashi har ya gaji. Ta juya fuska bango, ko zagi ta daina, kuma wannan ne ya fi tsorata gidan.

Wata safiya ta ji ƙarar kofato ta wuce ƙofar ɗakinta. Ta kasa kunne, ba ta ji kowa ya bi ba. Sai jikarta Mashkura ta leƙo.

"Kaka, akuyakki ta hita. Mu kam sanyi muka ji, ba mu bin ta."

"Wa yas sake ta?"

"Mai sakinta kullum ba ta da lahiya, shi na munka kama mata."

Mero ta laluba ta ɗauko sandarta. Ta fito tana dafa bango, ƙafafu na rawa, tana zagin zuri'ar gidan ɗaya bayan ɗaya, ta fara da ubansu. Suka biyo ta a hankali har ƙofar gida. Namadi na share ido da gefen bargo, bai taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.