Malam Ukasha, Mai Tsare Sirrin Marasa Lafiya

Kullum da safe ina shara a ƙaramin asibitinmu na Tiga lokacin da Malam Ukasha yake isowa. Shi ne mai kula da shafin intanet da ake ajiye sakamakon gwajin marasa lafiya. Kafin ya sha koko, sai ya fita daga shafin, ya mai da kansa baƙo, ya riƙa taɓa kowane ɓangare ta wayarsa. In shafin ya kora shi wurin sa suna da lambar sirri, sai ya ce, "Madalla." Shekara bakwai yana haka, yanzu an canza masa wurin aiki zuwa Tudun Wada.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Ban gane amfanin abin ba sai ranar Maijidda.

A nan, macen da ba ta da waya lambar dattijon gida take bayarwa. Maijidda ta ba da ta Baba Sabo, kawun mijinta, masunci. Da gwajin jininta ya fito, sai saƙon da ke kai mutum shafin ya shiga wayarsa, yana zaune cikin majalisa a bakin dam. Ya miƙa a karanta masa a gaban maza goma sha. Da a ce shafin ya buɗe, da kafin azahar labarin ciwonta ya zaga gari.

Sau uku ana taɓawa, sau uku yana neman lambar sirri.

Baba Sabo ya zo asibiti da warin kifi a rigarsa.

"Ukasha, abin nan naku ya raina ni! Sai kora ni yake kamar akuya a gonar albasa."

Malam ya durƙusa ya gaishe shi. "Baba, ni ma haka yake yi mini."

"Wayata ce fa!"

"Taka ce, Baba. Jinin ne ba naka ba."

Tsohon ya sa wayar a aljihu. "To, a faɗa wa yarinyar ta zo."

Malam Ukasha, kai ne mai gadin da ba ya riƙe sanda. Kai ne ka rufa wa Maijidda asiri alhali ko fuskarta ba ka sani ba. Mun gode, Allah ya rufa naka. Masu irin aikinsa, don Allah ku riƙa gwada shafukanku kamar baƙi.

Washegari Maijidda ta shiga wurin nas ita kaɗai, ta fito da maganinta cikin mayafi. Ni da nake share ɗakin, har yau ban san me ke damunta ba.