Ranar da Na Kashe Gurup a Gidan Suna

Tsofaffin injinan wuta nake saidawa a unguwar Boukoki ta Yamai, waɗanda muke ce wa gurup. Da kunne nake saye. In bugun inji ya fara ja da baya, ina ji tun mai shi bai ji ba.

Shi ya sa karatun ɗiyata bai ba ni wuya ba. Ta ce wani tauraro take nazari, wanda ya mutu ya dunƙule, faɗinsa bai wuce Yamai ba, shi kaɗai ba abokin zama. Yana juyawa yana watso irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi, kamar fitilar kan motar asibiti: ya zo, ya wuce, ya zo. Na'ura a sararin sama take kamawa, ɗiyata kuma tana auna tsakanin bugu da bugu, ta ga yadda yake rage gudu. Na ce, "To ai inji ne." Ta ce, "Inji ne, Baba, ba dai mai gyara."

Ranar da za ta kare aikin gaban malamanta na waje ta ordinatar, wato kwamfuta, da hantsi wuta ta ɗauke, batir kuma saura kaɗan. Injinan shago duk an buɗe cikinsu. Na gida kuwa maƙwabcina ya ara don sunan jikansa, da alkawarin ana shafa fatiha zai maido.

Na iske shi cikin babbar riga, gurup ɗina yana ta ciyar da lasifikar maroƙa.

"Alhaji, na zo ɗaukar injin. Yarinya na da jarrabawa."

Ya yi dariya. "Haba maƙwabci! Tauraron nan gudu zai yi? Ta duba shi gobe. Baƙi fa daga Maraɗi."

Shekarun da yarinyar nan ta yi tana ƙone ido, shi ne zai ce gobe! Da aron motarsa ne, da ya san darajar alkawari.

Na zagaya bayan rumfa na murɗe makunnin. Maroƙi na tsakiyar kirarin kakan Alhaji murya ta mutu masa a baki. Na ɗora injin a amalanke na tura da kaina, jama'a na kallo.

Ta yi bayaninta, malaman suka karɓi aikin. Alhaji har yau ba ya amsa sallamata. Ina yi masa kullum, da ƙarfi.