Jajayen Turakun Malama

Ni malamin daji ne. Shekara ashirin da 'yan kai ina cin albashin gwamnati a Gusau da sunan tsaron itatuwa, kodayake waɗanda na tsare ba su kai waɗanda aka sare ina kallo ba. Abin da aka fi sanina da shi kuwa baki ne. Ni ne na taɓa jawo tarwaɗa a gulbin Bunguɗu, sai da ruwa ya ja baya, masu wanki suka bi shi da gudu. Ni ne babur ɗina ya je Wonaka ya dawo da warin fetur kawai. Kowa ya san halina. A yi dariya, a ce Allah ya shirye ni, in ce amin, a watse. Ban taɓa zaton zancena zai iya cutar da ko kiyashi ba.

Wata shekara da rani shugaban ofishinmu ya haɗa ni da wata malama 'yar Tsafe. Koyarwa take a makarantar sakandare, ta samu hutun ƙaro ilimi na shekara uku, tana neman digirin dakta a kan ƙwarin da ke bin furanni. Ya ce in riƙa raka ta wani dutse a ƙasar Bunguɗu tunda na san mutanen wurin. Da muka fito na tambaye ta, wai da gaske akwai digirin ƙirga ƙuda? Ta ce akwai. Na ce ashe ni na daɗe da zama farfesa a rumfar mahauta. Ba ta yi dariya ba, ta dai gyara mayafi ta tambaye ni ƙarfe nawa za mu tashi.

A jikin dutsen akwai itacen hano da yawa, irin wanda ke tsira a tsagin da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta taka. Da rani yake fure, bayan ya zubar da ganye sarai. Malama ta zaɓi itatuwa kamar arba'in daga gindin dutsen har kusa da ƙololuwa, kowanne ta kafa masa turken ƙarfe mai jan fenti. Wasu rassan takan sa musu 'yar jakar da ta ɗinka da gidan sauro don kada ƙwaro ya kai ga furen, wasu ta bar su a buɗe, daga baya ta duba waɗanne suka yi 'ya'ya. Sauran aikin zama ne. Ta zauna gaban itace da agogo a hannu, duk abin da ya sauka a fure ta rubuta: ƙudan zuma, zanzaro, malam-buɗe-littafi, da wata 'yar ƙaramar zuma marar harbi da ake kira rakuwa, wadda na yi shekaru ina korewa daga idona ban san tana da aikin yi ba.

"Malama, wannan da ya sauka yanzu shi ne na ɗazu," nakan ce mata. "Na gane shi, ɗingishi yake. Kada ki rubuta shi sau biyu."

"Malam, don girman Allah ka yi shiru. Muryarka kore mini su take."

Tun ranar farko ta gaya mini sharaɗin aikin. Dole ta ga waɗannan itatuwan, su ɗin dai, rani uku a jere. Shekara ɗaya ana iya cewa dace ne, biyu ma ba su isa hujja ba. In aka rasa na uku, malamanta ba za su karɓi komai ba, hutunta kuma zai ƙare.

A gindin dutsen akwai wani tsoho mai amya, wato gidajen zuma, wanda ya rataye su a kan ɗorawa da tsamiya tun ban fara gemu ba. Jininsu ya haɗu da Malama. Shi ke gaya mata ranar da hano zai buɗe, wai daga ƙugin zumarsa yake ganewa, kuma bai taɓa kuskure ba. A gidansa take salla, iyalinsa su dama mata fura. Haka muka ci rani biyu lafiya. Na hau dutsen nan har tumbina ya fara tunanin barina.

Rani na uku ya zo daidai da lokacin da zazzaɓin zinari ya kama ƙasarmu. Ko'ina ka zauna zancen ke nan: wane ya haƙa bayan gidansu ya sayi mota, wane ya bar noma. Ranar wata kasuwar ƙauyen da ke gindin dutsen muka sauko da wuri, hano ya ƙunsa bai buɗe ba tukuna. Malama ta shiga gidan tsoho, ni kuma na zauna teburin mai shayi. Akwai mutanen gari da na saba da su, akwai kuma baƙi biyu da suka zo cin kasuwa, waɗanda ko kallonsu ban yi ba.

Mai shayi ya ce, "Wai malamin daji, mi matar ga taka biɗa bisa dutsi? Shekara ukku tana hawa tana sauka."

Da na ce masa ƙwari take ƙirgawa, da an wuce wurin. Amma ga jama'a, ga shayi mai kauri, ga kunnuwa a buɗe. Na waiga dama da hagu, na rage murya.

"Kai ma dai. Ka taɓa jin gwamnati ta ba mutum hutun shekara uku don ya ƙirga ƙuda? Hano ba ya tsira sai a kan zinari, saiwarsa shi take sha. Duk inda ka ga jan turke, abin na nan ƙasa kamar curin rogo. Jiya na yi tuntuɓe da wani, da ƙyar na mirgina shi gefe don kada ya fasa mini takalmi."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Allah shi shirye ka!" Na ce amin. Na shanye shayina ina jin daɗin kaina. Sai daga baya na tuna cewa baƙin nan biyu ba su yi dariya ba, kuma sun ga Malama ta wuce da 'yan ledojin ƙasar da take ɗiba a gindin kowane itace don awo.

Washegari ta tafi Tsafe hutun Salla, ni na koma Gusau. Kwana tara tsakani, da hantsi, sai ga tsoho mai amya a ƙofar ofishinmu. Mutumin da zuwa Gusau ke yi masa kamar zuwa Makka. Ko ruwa bai karɓa ba.

"Tashi mu tai ka ga aikin bakinka," ya ce.

Tun daga nesa na ga dutsen ya canza kama. Babura sun fi na tashar Gusau, har masu tuwo sun kafa murhu. Mutane daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba, da diga da shebur da guduma. Kuma ba haƙan hauka suka yi ba, turakun suka bi ɗaya bayan ɗaya. Duk itacen da Malama ta zaɓa an tone gindinsa, an datse saiwar, an kwantar da shi da furen da bai buɗe ba. Waɗanda ba ta zaɓa ba an sare su an yi girki. Hayaƙi da bugun dutse sun sa zumar tsoho ta tashi, amyarsa duk wayam.

Na hau kan wani falalen dutse na ɗaga murya. Na ce jama'a ni ne na faɗi maganar nan, kuma wallahi ƙarya ce, wasa nake a teburin shayi. Na rantse da duk abin da na sani. Wani ƙato ya ɗago daga rami, ƙasa har gira, ya ce, "Malamin daji, yanzu dai kaka ƙarya. So kake mu tashi ka kwashe kai ɗai." Aka yi shewa, aka ci gaba da haƙa. Sun yi kusan wata guda a wurin. Ko ƙwayar da za a yi wa jaririya ɗan kunne ba a samu ba.

Ni na je Tsafe da motar ofis na ɗauko Malama. A hanya na ce mata an yi ɓarna, ban faɗi mafarin ba. Da muka isa ta hau ita kaɗai, tana bin ramukan, tana tsayawa a kan kowanne. Ta daɗe. Da ta sauko ta tambayi tsoho wa ya gaya wa mutane akwai zinari. Tsoho ya dubi ƙasa ya ce magana ce ta kasuwa, ba a sanin mai ita. Ya rufa mini asiri, shi da na raba da zumarsa.

Mun wuce Gusau muna kan hanyar Tsafe kafin na iya buɗe baki. Na gaya mata duka, har da curin rogon. Can ta ce, "An yi dariya, Malam?"

Na ce an yi.

Ta ce, "To."

A ƙofar gidansu ta yi mini godiyar kawo ta kamar kullum. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, ba zan ce ban yi ba. Na nemo mata wani dutsen a ƙasar Tsafe mai hano fiye da na farko, na ce ni zan kafa turakun, in kwana ina gadinsu in ta kama. Ta rubuta wa malamanta, suka ce sai dai ta faro daga farko, wasu shekaru ukun. Ma'aikatarsu ta ce hutu ya ƙare, ta koma aji. Ta ce bari ta jira a sake ba ta dama. Kafin damar ta zo daji ya lalace da 'yan bindiga, hawan dutse ya zama sai wanda ya gaji da ransa. Tsoho kuwa bai sake rataya amya ba, 'ya'yansa suka ɗauke shi suka koma cikin Bunguɗu.

Har yanzu tana koyarwa a Tsafe. Bara muka haɗu a wajen ta'aziyyar wani abokin aikina, muka gaisa, ta tambayi iyali, na tambayi nata. Wata mata da ke kusa ta kira ta Dakta cikin girmamawa, don ta ji an ce ta yi karatun. Malama ta gyara mata a hankali, ta ce a'a, ba ta gama ba. Ina tsaye a wurin, na rasa inda zan sa idona.