Kunnenka Ya Tsufa

Jiya an kawo tsohuwar a-kori-kura gareji nan Gummi, warin fetur ya bugan hanci, sai nit tuna maigidana da yak koya man gyaran mota. Shi da kunne shika gyara: shi ɗora bakin sukudireba bisa inji, shi kanga kunne ga ƙota, shi runtse ido.

Ran da munka sake ɗaure injin motarshi, nid dage sai an cire kafireto an sa injekta mai kwamfuta. Gaban mutane nic ce, "Baba, kunnenka ya tsufa."

Bai yi hushi ba. Yam miƙo man sifana, yac ce, "To sa, ɗana, ka koya man."

Ban koya mashi ba, nit tsere haƙar zinari. Kan in dawo, har an yi sadakar bakwai.

Allah ka jiƙan shi, ni kuma ka yafe man wannan bakin nawa.