Shatin Yatsa a Wuyan Randa

Shekaranjiya da ake jeren ɗakina a Funtua, na zuba ruwan farko a randata. Ƙamshin yumɓu ya taso, sai kakata ta faɗo mini a rai.

A gidanmu na Dayi, duk 'yar da za a aurar, Kaka ce ke danna babban yatsanta a wuyan randarta tun tana ɗanya. Ni kuwa ginin tukwane nake karanta a makaranta, abin da dangi ke ta yi wa dariya, wai na tafi neman boko na dawo da laka. Ita kaɗai ba ta taɓa dariyar ba.

Wani hutu ina gina randa a tsakar gida, ta jawo tabarma ta zauna tana kallo. Can ta tsoma hannu a ruwa, ta danna yatsa a wuyan.

Na ce, "Haba Kaka, ko manemi fa ba ni da shi!"

Ta ce, "Mijin zai zo, 'yar nan. Ni ce ban sani ba ko zai same ni."

Bai same ta ba.

Ƙanwar mijina ta ce a kai randar kicin, ta ɓata tsarin kwanukan. Na ce a ɗakina za ta kwana. Na sa yatsana a shatin nata, ya yi mini yawa.

Allah Ya sanyaya makwancinki, Kaka, fiye da ruwan nan.