Ƙasar Bayan Sito

Shekarar da aka koma naira na gama sakandare. Ina zaune a gida a Kafanchan ina jiran aiki, sai yayata ta dawo wajenmu da cikin fari, don mijinta yana koyarwa can Manchok, ba mai kula da ita.

Matan wajenmu in suna da ciki suna cin ƙasa, kuma ba abin kunya ba ne. Mama ta ci da cikina. Akan haƙo ta, a cura kamar goriba, a jera bisa murhu hayaƙi ya gasa, mai ciki ta riƙa gutsira. Abu ɗaya ake dubawa: tsabta. Ba a ɗiba inda awaki ke fitsari ko inda tsutsa take.

To, a ƙarshen unguwarmu akwai wani tsohon sito inda a da ake ajiye maganin feshin gona. Bayansa fili ne fari, mai laushi. Ciyawa ba ta fita a wurin, tururuwa ba ta bi, garar da ta cinye dangar kowa ba ta leƙa shi. Matan unguwa suka ce ba su taɓa ganin ƙasa mai tsabta irinta ba. Can Mama ke haƙo wa Yaya.

Wata rana Mama ta aike ni in haƙo. Na tafi ina gunaguni, na kai sara da haushi, sai fartanya ta yi ƙara a kan ƙarfe. Murfin duro ne da aka binne, tsatsa ta huda shi. Ƙasar gefensa ta yi danƙo, warinta kamar an zuba kananzir a tafarnuwa. Na ɗebi kaɗan a gwangwani na koma gida.

"Mama, ƙasar da ta kori tururuwa za ki ba mutum?"

"Ji ta! An yi sakandare, an fi mu sanin ƙasa. Mu da muka ci muka haife ku fa?"

"Ba wannan kuka ci ba."

Yaya tana kishingiɗe a tabarma, ta yi dariya. "Likita, ki bar ni. Tun cikin nan bai fito ba nake cinta, ko ciwon kai ban yi ba."

Maganar nan ce ta kashe mini jiki, don cikin ya riga ya tsufa.

Washegari na kai wa duba-gari gwangwanin. Ya sunsuna, ya kau da kai, ya ce in ajiye a waje tukuna. Ya yarda guba ce. Na ce wace iri? Ya ce sai an san abin da ke cikin duron, ga shi rubutun jikinsa ya ruɓe, mai kula da siton kuma an daɗe da yi masa canji. Na ce nawa mutum zai ci ta yi masa illa? Ya buɗe hannuwa. Ya ce gwada ƙasa sai Zariya ko Kaduna, shi kuwa bai san ƙofar da za a buga ba.

"Baba, amfaninka me ke nan?" Haka na ce masa, babu ladabi. Bai ko yi fushi ba.

Na bi Yaya awo na gaya wa nas. Nas ta ce lallai Yaya ta daina ci. Na ce wadda ta riga ta ci fa, tana kaiwa ga ɗan?

"'Yata, sai addu'a."

Na kwashe curin da ke bisa murhu na zuba a masai, Yaya ta daina yi mini magana. Duba-gari ya sa an tara ƙaya a filin. Ran Lahadi bayan sujada na tare matan zumunta na gaya musu. Wasu suka daina. Wasu suka matsa gefen ƙayar suka ci gaba da haƙa, wai can duron bai kai ba. Wa ya auna inda ya kai?

Lokacin yankan acca Yaya ta haihu, namiji, ɗan ƙarami. Mama ta ƙirga yatsunsa a gabana. "Ga su nan cif. Sai ki huta, Likita."

Ban huta ba. Yaron ya yi jinkirin zama. Sa'anninsa suna gudu yana rarrafe. In ya miƙa hannu zai ɗauki cokali, hannun yakan ɗan yi rawa. Mama ta ce kawunmu ma haka ya yi, ga shi yau yana noman citta. Wataƙila gaskiyarta.

Wata rana muna wanki, yaron na wasa da kumfa kusa da mu, Yaya ta ce a hankali, ba ta dube ni ba, "Ke da kika yi karatu, ƙasar nan ce?"

Na daɗe ina matse zane ɗaya. Na ce, "Yaya, ban sani ba."