Muryar Inna a Cikin Tsohon Laburare

Shekarar da Baba ya kwanta ciwo a Argungu, abu ɗaya ya roƙe ni: yana son ya sake jin muryar Inna. Kafin ta rasu na taɓa naɗar hirarta da wata 'yar rakoda, na kwashe fayilolin na adana. Rakodar ta mutu tuni, kamfanin ma ya bi ta. Babu abin da ke buɗe fayilolin sai wani tsohon laburare nasu, wato guntun manhaja da aka riga aka ƙulle, ba a ganin cikinsa.

Rubuta manhaja ce sana'ata a Birnin Kebbi, don haka na ce masa abu mai sauƙi ne. Bakina ya ja mini.

Kowace manhajar da aka rubuta da yaren kwamfuta na C tana tsayuwa ne a kan wani tushe da muke kira rantaim. An gina laburaren a kan na da, kwamfutata kuwa na yanzu ta sani. Na haɗa su, linka, manhajar da ke ɗinke guntayen wuri guda, ta ƙi, ta zubo mini sunayen da ta nema ta rasa. Na rubuta mata su ɗaya bayan ɗaya ina zagi. Da ta yarda, sai manhajar ta buɗe, Inna ta ja numfashi za ta yi magana, komai ya rufe. Haka ta yi ta yi mini. Na tsani numfashin nan, kuma na kasa daina sauraronsa.

Kullum ƙanwata sai ta kira. "Yaya, yau ko kunu bai sha ba. Yaushe za ka taho?"

Tsoro ya kama ni sosai. In na tafi hannu wofi, me zan ce masa? In na zauna, wa ya ba ni tabbacin zai jira?

Ashe laburaren yana aron wuri a memori, ƙwaƙwalwar kwamfuta, daga tsohon rantaim, ni kuma ina mayar wa sabon. Kwanon gidan wani nake kai wa gidan wani. Wata abokiyar aikina 'yar Filato da ke zaune a Gwadangaji ta tono mini tsohuwar kwamfaila, wadda ke gina manhaja a kan tsohon rantaim, a cikin faya-fayanta. Na gina wa laburaren 'yar manhajarsa daban, ya ara da kansa ya mayar da kansa, ya miƙo mini sauti kawai. Na zuba sautin a wayata, ban tsaya saurare ba, na nufi tasha.

Na tarar an jingina Baba da bango, idonsa a rufe. Na kai wayar kusa da kunnensa. Muryar Inna ta fito, tana faɗa a kan albasar da aka bari a rana.

Baba ya buɗe ido ya dubi ƙofa.

"Yi haƙuri," ya ce. "Yanzu ni ka tashi in kwashe ta."